Yadda ake dashen gora daga gaɓa

Gora dangin ciyawa ce, kuma jinsuna da yawa sai bayan shekaru gommai suke fure, su ba da iri, su mutu. Shi ya sa ake dogaro da dashe.

A zaɓi sanda mai shekara 1 zuwa 2, a yanko yanki mai gaɓa biyu, idanunsa (wuraren da toho ke fitowa) lafiyayyu. A huda tsakanin gaɓoɓin, a cika ramin da ruwa, a toshe. Sai a kwantar da shi cikin ƙasa mai yashi, zurfin santimita 5 zuwa 10, idanun suna kallon gefe. A yi masa inuwa, danshi kada ya yanke, amma ruwa in ya kwanta ruɓewa zai yi.

Toho yana riga saiwa fitowa, nan mutane ke yin hasara. Kada a cire don an ga ganye, a bari saiwa ta kama sosai.

Jinsin gora da ake kira Bambusa vulgaris tana kamawa cikin sauƙi. Gora mai yaɗo a ƙarƙashin ƙasa kuwa, sai an raba saiwarta.

Dashen uwa ɗaya ƙwayar halittarsu ɗaya ce, tare za su yi fure su mutu. A haɗa daga iyaye daban-daban.