Yadda ake ɗaukar fim ɗin ƴan makaranta da ƙwallo a Maraɗi

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan fim shi ne a zaɓi yaro don kyan fuska, sai an je fili a tarar ko tare ƙwallo bai iya ba. Mai kallo a Maraɗi ya saba ganin wasan ƙungiyoyin garin, Ɗan Kasawa da Jangorzo, taɓawa ɗaya zai gane ƙarya. Je filin unguwa bayan la'asar ka zaɓi masu ƙafa. Koya wa ɗan ƙwallo magana gaban kyamara aikin sati biyu ko uku ne. Koya wa ɗan fim yanka kuwa sai shekaru.

Kafin komai a samu izinin iyaye a rubuce, tunda yawancin yaran ba su kai 18 ba, sannan na darektan makaranta. A ɗauki abin da ya shafi aji ran Asabar da Lahadi ko lokacin hutu. Labarin ma a ɗaura shi da kalandar lakwal: a buɗe da komawa aji a Oktoba, a sa wasan ƙarshe ya zo dab da jarrabawar BEPC ta gama kwaleji, uba na cewa karatu, mai horarwa na cewa fili. Shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a allo.

Wasan kansa ba a sakin yara su buga minti 90 ana bin su da kyamara. Ana tsara shi kamar rawa. A zana a ƙasa: lamba 8 ya ba lamba 10, shi ya yanke mutum ɗaya, ya buga kusurwar hagu. Taɓawa uku ko huɗu, ba ƙari. A maimaita sau biyar ko shida, sau ɗaya daga nesa, sau ɗaya a kan ƙafafu, sau ɗaya a fuska, sau ɗaya daga bayan raga. Kyamara kuma ta tsaya gefe ɗaya na fili. Da ka tsallaka ɗaya gefen, ƙungiyar da ke kai hari dama za ta koma hagu a allo, mai kallo ya rasa wa ke cin wa. Bugun da kake so ya tafi a hankali, ɗauke shi a hoto 50 cikin daƙiƙa, ka mayar 25 wajen haɗa fim ɗin.

Ƴan kallo talatin sun isa. A cusa su bayan raga, a ja hoto daga nesa, sai su zama kamar taro.

Rana ce babbar abokiyar gaba. Daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, waya ko kyamara ta yi zafi ta mutu ana tsakiyar aiki, yara kuma su galabaita. A fita daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe, a dawo bayan la'asar. Hunturu ya fi daɗin haske, amma ƙura na shiga kyamara, kada a canza gilashinta a fili. A tanadi rigunan wasa biyu-biyu iri ɗaya, kuma a ɗauki hoton kowane yaro kafin a tashi, don gobe ƙurar gwiwarsa da zufar bayansa su dace da na jiya.

A aji matsalar murya ce. Kashe fanka, rufe tagar da ke kallon titi saboda kabu-kabu, kawo makirufo kusa da baki ta sama, tazarar kamu biyu. In mushe, wato malamin aji, na tsawa, bari yaran su amsa da bakinsu na kullum, Hausa gauraye da Faransanci, kada a gyara musu. Kafin a fita a naɗi shirun ajin na minti ɗaya, da shi ake cike giɓi wajen haɗawa.