Yadda na raba ɗakina da laima

Watanni ina tashi da tari da toshewar hanci, ga wari kamar na jiƙaƙƙen tsumma. Ranar da na janye sif, sai ga bangon bayansa ya yi baƙi ƙirin da fumfuna. Na sayi 'yar na'urar auna danshin iska, ta nuna kashi 74. Ana so ya tsaya tsakanin 30 da 50, da ya haura 60 kuwa fumfuna ta samu wurin zama.

Ashe ni na jawo wa kaina: ina shanya wanki a ɗaki, taga a rufe ruf. Na daina. Na wanke bangon, na bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da sif, bayan wanka kuma ina barin fankar banɗaki ta yi minti 20. Yanzu 48 take nunawa, tarin ma ya lafa.