Yadda Nake Kunna Fayilolin Sauti Masu Babban Inganci a Kwamfutar Tebur

Ranar da na fara sauke fayil ɗin FLAC (nau'in fayil ɗin sauti da ba a rage masa inganci) mai ma'aunin 24-bit da 96 kHz, waƙar minti biyar ta cinye min data fiye da megabayit 100. Na kunna, na kasa kunne, wallahi ban ji abin da ya bambanta ta da MP3 ɗin da ke wayata ba. Ashe fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, hanyar da sautin ke bi kafin ya iso kunne ce ke rage shi.

Fara da manhajar kunnawa. Ni foobar2000 nake amfani da ita: kyauta ce, ba ta wahalar da tsohuwar kwamfuta, kuma tana buɗe FLAC da WAV da ALAC kai tsaye. DSD kuwa, wani nau'in fayil ɗin sauti mai babban inganci, yana buƙatar a ƙara wa manhajar wani ɗan kayan haɗi.

Inda aikin yake shi ne Windows. Shi yana tattara duk sautukan kwamfuta ya mayar da su ma'auni ɗaya, yawanci 48 kHz, komai ingancin fayil ɗinka. Kana iya shiga Sound a Control Panel, ka zaɓi na'urarka mai fitar da sauti, ka danna Properties, sannan Advanced, ka ɗaga ta zuwa 24 bit, 96000 Hz. Amma abin da na fi so shi ne cikin foobar2000 ɗin: Preferences, Playback, Output, sai ka zaɓi sunan na'urarka mai kalmar exclusive a jiki. Daga nan manhajar za ta riƙe na'urar ita kaɗai, Windows ya cire hannunsa. Sai dai ka sani, muddin waƙa na tafiya, sauran sautuka za su yi tsit. Na taɓa rasa kiran WhatsApp na yayana har sau uku saboda haka.

Ramin iyafis na gaban akwatin kwamfutata kuwa tsaki yake yi duk lokacin da na motsa linzami. Ƙaramin DAC na USB, wato na'urar da ke mayar da bayanan sauti na kwamfuta zuwa sautin da iyafis ke fitarwa, ya kashe wannan matsalar, kuma tun 2017 Windows 10 ke gane yawancinsu ba tare da an saka direba (manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura) ba. Bluetooth kam ka ajiye shi gefe, matse sautin yake yi kafin ya aika.

Kada kuma sunan fayil ya ruɗe ka. Wani mai tura waƙoƙi a kasuwa ya taɓa cika min filashi da "FLAC", da na duba su da Spek, manhajar da ke zana hoton sauti, sai na ga sautin ya yanke cak a 16 kHz, kamar yadda na MP3 mai ƙaramin inganci kan yi. MP3 ne aka sauya wa riga.

Ni sai bayan sallar isha nake zama in saurara, lokacin da janareton maƙwabcina ya yi shiru, in kashe fanka in sa na kunne mai waya.