Yadda Ake Ƙulla Baƙuwar Yarjejeniyar Tayi da Abokin Wasa a Birij

Akwai wani zazzaɓi da yake kama mai koyon birij, wasan kati na mutum huɗu da ake bugawa biyu-biyu, idan ya kai kamar wata shida yana bugawa. Ya iya yarjejeniyoyin tayi na yau da kullum irin Stayman da Blackwood, ya fara jin hannunsa ya faɗa. Sai wata rana ya zauna da waɗansu mutum biyu, ɗayansu ya buɗe tayi da 2♦ alhali ko dayamon uku babu a hannunsa, su rikita teburin, su kwashe maki su tashi. Washegari ya kira abokin wasansa ya ce su ma su fara. Na ga haka ya fi a ƙirga, kuma kafin mako biyu su da kansu suke rikicewa, abokan hamayya suna zaune suna tsintar dami a kala.

Ba zan tsaya bayanin ƙirga maki ko jerin darajar kaloli ba. Wanda har yanzu sai ya yi lissafi da yatsu kafin ya san as maki 4 ne, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, ya ajiye wannan rubutun sai baɗi. Misalin da zan riƙe shi ne Multi 2♦, wato buɗewa da 2♦ don nuna doguwar hat (♥) ko sifed (♠) maimakon dayamon (♦), wanda ake danganta shi da Terence Reese da Jeremy Flint na Ingila tun shekarun 1960, domin shi ne baƙuwar yarjejeniyar da masu koyo suka fi kwaɗayi, kuma da shi na ƙone hannuna.

Mataki na farko: ku binciki ko an yarda da ita a inda kuke wasa

Hukumar birij ta duniya, WBF, ta raba tsare-tsaren tayi da launi. Kore shi ne tsarin da tayi yake nufin abin da ya faɗa. Shuɗi na masu buɗewa da 1♣ ko 1♦ mai ƙarfi ne, irin Precision na C. C. Wei, wanda ƙungiyar Taiwan ta kai wasan ƙarshe na gasar Bermuda Bowl da shi a 1969. Ja na sauran tsare-tsaren da aka ƙirƙira ne. Rawaya kuwa na waɗanda suka wuce gona da iri, kamar tsarin da 'yan Folan suka ɓullo da shi, inda fas a buɗewa yake nuna hannu mai ƙarfi, mai hannun banza kuma shi ne zai yi tayi. Irin wannan sai a manyan gasa ƙalilan ake barin a buga shi. Shi Multi ya yaɗu a Turai, amma ƙungiyar birij ta Amurka, ACBL, ta daɗe tana taƙaita shi. Saboda haka a tambayi mai kula da wasa tukuna. Babu amfanin ku haddace abin da za a hana ku bugawa a zaman farko.

Mataki na biyu: guda ɗaya tak, kuma ku san abin da kuka sayar

A wurina wannan doka ce. Yarjejeniya ɗaya a wata uku. Wanda ya ɗauki Multi da Michaels (tayi a kalar abokin hamayya don nuna kaloli biyu) da 2NT mai nuna ƙananan kaloli biyu duk a mako guda, ya zuba tsakuwa a shinkafarsa da hannunsa.

Kowane baƙon tayi sayensa ake yi, kuɗinsa kuwa shi ne ma'anar da tayin yake da ita a da. Ran da 2♦ ya zama Multi, wato kati shida a hat ko a sifed da maki 6 zuwa 10, daga ranar ba ka da hanyar buɗewa da dayamon shida masu rauni. Ko ka yi fas, ko ka daure ka ce 3♦. Ribar ita ce 2♥ da 2♠ sun zama fili. Mutanen Holan suna zuba musu Muiderberg, kati biyar a babbar kala da huɗu ko fiye a ƙarama. Shawarata ku bar su babu kowa a watanni ukun farko. Haka nan ku cire hannaye masu ƙarfi daga cikin Multi ɗinku. Asalinsa yana ɗauke da su, amma ga mai farawa mai rauni zalla ya fi, domin mai amsa ya san tabbas abokinsa ba shi da komai sai doguwar kala ɗaya.

Mataki na uku: amsoshi idan abokan hamayya sun yi shiru

Wannan kowa yana koyonsa, don haka a taƙaice. 2♥ na nufin idan hat ce kalarka ka yi fas, idan sifed ce ka gyara. 2♠ na nufin idan sifed ce mu tsaya nan, idan hat ce ina da goyon baya, mu hau. 2NT tambaya ce ta mai hannu mai ƙarfi, kamar maki 15 zuwa sama. Ni ina amsa ta haka: 3♣ hat mai kyau, 3♦ sifed mai kyau, 3♥ da 3♠ kalar da aka ambata amma hannu mara nauyi. Waɗansu suna juya shi, kuma nasu ba kuskure ba ne. Kuskuren shi ne kai ka karanta wani littafi, abokinka ya karanta wani, kowa ya ce "na iya Multi", ku zauna. Sunan yarjejeniya ba yarjejeniya ba ne. Ku tambayi juna 4♥ kai tsaye bayan 2♦ me yake nufi, kalar mai amsa ce ko kuwa shi ma "fas ko gyara" ne. Sau da yawa a nan za ku gane ashe hanyarku ba ɗaya ba ce.

Mataki na huɗu: idan abokin hamayya ya sa baki

Nan ne gizo yake saƙa, nan kuma nake roƙon mai karatu ya zauna da kyau. Kusan duk masu koyon da na gani sun faɗi da baƙuwar yarjejeniya, a wannan gaɓar suka faɗi. Suna atisaye su biyu, babu mai katse su, tayi yana tafiya sumul kamar karatun allo. A teburin gaske mutum huɗu ne, kuma da ka buɗe da hannu mai rauni, galibi mafi yawan maki suna wajen waɗancan biyun. Za su yi magana.

Ga abin da ya same ni. Muna cikin ja, wato halin da ake kira vulnerable, inda faɗuwa take da tsada. Ina da sifed shida, dayamon biyu, na buɗe 2♦. Na hagu da ni ya ce dobul, tayin da yake ƙara yawan asara in mun faɗi. Abokina ya yi fas, na dama ya yi fas, magana ta dawo kaina. Ni a fahimtata, fas ɗin abokina bayan dobul cewa yake yi yana da dogon dayamon, a bar shi a nan. Shi kuwa a ransa cewa yake ba shi da zaɓi, in faɗi kalata. Na yi fas. Da ya shimfiɗa katinsa, dayamon uku ne ƙanana. Mu biyu muna da biyar, su suna da takwas. Ci huɗu na samu cikin takwas da na yi alkawari, aka rubuta mana asarar 1100 a hannun da in mun bar su sun yi gem ɗinsu, 600 da 'yan kai kawai za su samu. Babu wanda ya manta komai a cikinmu. Ba mu taɓa zama mun tattauna wurin ba ne, kuma mun yi mako uku muna bugawa a haka.

Tun daga ranar ba na yarda in fara wata yarjejeniya sai an amsa tambayoyi huɗu a rubuce. Idan sun yi dobul, fas me yake nufi, ridobul me yake nufi? Idan sun yi tayin kala a mataki na biyu fa? Idan sun tsallaka mataki na uku? Kuma dobul ɗinmu a kowane hali, na hukunci ne ko na neman abokin wasa ya zaɓa?

Ga yadda nake bugawa yanzu. Bayan 2♦ da dobul, fas na nufin ina da dayamon aƙalla shida, kada ka taɓa. Ridobul na nufin faɗi kalarka. Sauran amsoshi suna nan yadda suke kamar ba a yi dobul ba. Idan suka shigo da 2♥ ko 2♠, dobul ɗin mai amsa yana cewa idan wannan ce kalarka ka bar su a ciki, in ba ita ba ce ka faɗi taka. Idan suka shigo da 3♣ ko 3♦, dobul na hukunci ne, 3♥ kuma fas ko gyara. Sama da haka duk dobul na hukunci ne, kuma mai buɗewa ba ya sake magana sai an tambaye shi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai. Mai kati shida yakan ji ciwon bai bayyana kalarsa ba, sai ya kutsa da 3♠ shi kaɗai, ya kai wuyansa inda wuƙa take.

Sai kuma maganar kujera. Multi na mai buɗewa ne. Idan abokin hamayya ya riga ya buɗe da 1♣ ka ce 2♦, wannan dayamon ne na gaske sai in kun yi wata magana daban. A kujera ta huɗu, bayan fas uku, babu dalilin buɗewa da hannu mai rauni, don haka ku yanke abin da 2♦ yake nufi a can. Ku kuma rubuta wata doka ta gama-gari a ƙasan takardar: duk tayin da ba mu tattauna ba, abin da ya faɗa shi yake nufi. Wannan layi ɗaya ya cece ni fiye da dukkan sauran.

Game da kuɗi, ba sai an sayi komai ba. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa, shafi ɗaya ga kowace yarjejeniya, kowa da kwafinsa. A Bridge Base Online akwai teburin atisayen tayi kyauta, inda za ku umarci kwamfuta ta riƙa raba hannayen da suka dace da abin da kuke koyo. Ku sa abokan hamayya su riƙa shiga, ko ku roƙi abokai biyu su zauna su dame ku da gangan. Atisayen da babu katsalandan ɓata data ne.

Mataki na biyar: ku faɗa wa abokan hamayya

Doka ta 40 cikin dokokin birij na gasa ta hana yarjejeniyar ɓoye. Duk abin da abokinka ya sani game da tayinka, haƙƙin abokan hamayya ne su san shi. A tebur, abokin mai tayi ne yake ɗaga katin faɗakarwa, in an tambaya ya yi bayani. A intanet kai kake faɗakarwa a kan tayinka, abokinka ba ya gani. Kada ka ce "Multi" ka yi shiru. Ka ce hat shida ko sifed shida, maki 6 zuwa 10, babu hannu mai ƙarfi a ciki. Wanda yake cin maki don mutane ba su gane tayinsa ba, ba birij yake bugawa ba, kuma ba na zama da shi karo na biyu. Yarjejeniya kuma a cikin tayi take tsayawa. Jinkiri, tari, kallon ido, yadda aka ajiye kati, duk haramtattu ne. Saboda irin wannan ne aka fara kafa allon tsakiya a manyan gasa tun 1975, don kada abokan wasa su ga juna.

Wata gaɓa da masu koyo ba su sani ba: idan ka manta, ka ce 2♦ da dayamon na gaske, sai ka ji abokinka yana bayanin Multi, ba ka da izinin amfani da abin da ka ji. Doka ta 16 ce. Dole ka ci gaba kamar kunnenka bai ji ba, ko da ramin yana gabanka. Idan kuma abokinka ne ya yi bayanin da ba daidai ba, ba a gyara masa nan take. In ku ne za ku buga kwantiragin, ka kira alƙalin wasa bayan an gama tayi, kafin a fitar da katin farko. In ku ne masu tsaro, sai an gama buga hannun.

Mataki na shida: gwaji da yanke hukunci

Ku rubuta ta a katin yarjejeniyarku, ku buga ta wata uku, kuna ajiye sakamakon duk hannun da ta fito. Kada a yi gardama a tebur, a bari sai an tashi. Idan ɗayanku ya manta da ita sau biyu a wata guda, a cire ta, a koma 2♦ na dayamon, babu jin kunya. Idan ta zauna daram, sai a waiwayi 2♥ da 2♠ da kuka bari fili, a buɗe musu sabon shafi, a fara da tambayar dobul.