Yadda zaka sa bishiyar danginku ta cika babban sikirin kwamfuta

Mutane da yawa in suka gaji da jan bishiyar dangi sama da ƙasa a ƙaramar laptop sai su je su sayo babbar monita, su jona, su buɗe manhajar salsalar, kawai sai su tarar da ɗayan abu biyu, ko dai bishiyar ta takure a kusurwa guda ragowar sikirin duk fili ne fari fat, ko kuma sunayen sun zama ƙanana sosai har sai mutum ya kai hancinsa jikin gilashin kafin ya bambance Hassan da Husaini. Matsalar ba ta monitar bace ita kaɗai, abu uku ne sai sun daidaita: yawan fiksel ɗin sikirin, saitin Windows, da kuma irin zanen da ka zaɓa a cikin manhajar. Zan yi misali da manhajar salsala mai suna Gramps don kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma ba ta buƙatar intanet, amma yawancin abin da zan faɗa zai yi maka amfani a kowace manhaja.

Da farko ka san fiksel nawa kake da shi

Inci ba shi ne magana ba. Fiksel su ne ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto, kuma yawansu ne yake yanke ko mutum nawa zasu shiga sikirin lokaci guda. Tsofaffin laptop da yawa 1366 sau 768 ne. Monita ta yau da kullum 1920 sau 1080, ta sama da ita 2560 sau 1440, sai 4K mai 3840 sau 2160 wadda ta ninka ta 1080 sau huɗu a yawan fiksel. To anan ne ake yawan yin asarar kuɗi, domin talabijin da yawa masu inci 32 su ma 1366 sau 768 ne, wato daidai da laptop ɗinka, in ka jona ta sunayen zasu yi girma amma ko mutum ɗaya ba zai ƙaru ba, kamar ka juye mudun gero a babban faranti ne, farantin ya girma geron yana nan mudu ɗaya. Don haka in monita ta hannu zaka saya a kasuwa kar ka tsaya a kan inci, ka sa a jona maka ita ka duba lambar da idonka.

Bayan ka jona, danna maɓallin Windows tare da P ka zaɓi Extend, ko kuma Second screen only. Kar ka bar shi a Duplicate, don in yana Duplicate babbar monitar tana kwaikwayon ƙaramin sikirin laptop ne kawai, duk fiksel ɗin da ka biya kuɗinsu suna zaune banza. Sai ka shiga Settings, System, Display, ka danna lambar babbar monitar a saman shafin, ka sauko wajen Display resolution ka tabbatar yana kan wanda aka rubuta Recommended a gefensa. In kebul ɗin VGA ne mai shuɗin kai kuma kana da halin canzawa, ka koma HDMI ko DisplayPort, rubutu ya fi fita tas. In kuma 4K ce ka ga linzami yana tafiya a sanyaye kamar yana jan ƙafa, galibi HDMI 1.4 ne, shi 30Hz kaɗai yake iya kaiwa a 4K, wato sau 30 yake sabunta hoton a daƙiƙa, sai HDMI 2.0 ne yake kai 60. Masu talabijin kuma in gefen hoton ya yanke, a nemi Just Scan a LG ko Screen Fit a Samsung cikin saitin hoto.

Sai Scale

A wannan shafin dai na Display akwai Scale, shi ne yake faɗa wa Windows girman da zata yi wa rubutu da maɓallai. Ga monita inci 24 mai 1080 ka bar shi 100%. Inci 27 mai 1440 ma 100% ko 125% in idonka ya fara gajiya. 4K kuwa 150% ya fi dacewa, in ka kai shi 200% filin aikinka ya dawo daidai da na 1080 kenan, rubutu zai yi kyau sosai amma yawan mutanen da zaka gani bai ƙaru ba. Bayan ka canza ka rufe manhajar gaba ɗaya ka sake buɗe ta, wasu ba sa ganin canjin sai an yi haka.

In tsohuwar manhaja kake amfani da ita rubutun ya fito dishi-dishi ko maɓallan suka hau kan juna, danna dama a kan alamarta ka shiga Properties, Compatibility, Change high DPI settings, ka sa alama a Override high DPI scaling behavior, sai ka gwada zaɓin guda uku ɗaya bayan ɗaya. Application yana ba da rubutu mai kaifi amma wani lokaci ƙanana, System yana girmama komai amma da ɗan hazo, System Enhanced yana tsakani. Wanda idonka ya kwanta da shi shi ne daidai.

Yanzu mu shiga cikin Gramps

Kafin ka taɓa komai ka je Family Trees ka danna Make Backup, minti ɗaya ne. Sannan ka share fili, a menu na View ka kashe Sidebar da Bottombar, ka danna F11 ta cika sikirin. Wannan kaɗai yakan dawo maka da fili mai yawa.

Ka shiga Charts ka zaɓi Pedigree, shi ne zanen da yake hawa daga mutum ɗaya zuwa iyayensa da kakanninsa. A View ka danna Configure, zaka ga Tree size wanda yake kaiwa har hawa 9, da Tree style, da Tree direction. In ka ja Tree size ya ƙi wuce 5 to kana kan Compact ne, ka mayar da shi Standard ko Expanded.

Amma fa kar ka ja shi zuwa 9 don kawai ka sayi babbar monita, ka yi lissafi tukuna. Kowane hawa ninki biyu ne na wanda ya gabace shi, kai ne hawa na farko, iyaye 2, kakanni 4, sai 8, hawa na biyar 16, na shida 32, na bakwai 64, na tara kuwa mutum 256 a layi guda. In bishiyar tana tafiya daga hagu zuwa dama duk waɗannan mutanen jere suke daga sama zuwa ƙasa, kaga tsawon sikirin ne yake ƙarewa ba faɗinsa ba. Mu ce kowane akwatin suna yana cin fiksel 30 har da tazarar da ke tsakani, mutum 32 sun ci 960, da ƙyar zasu shiga 1080, mutum 64 kuwa 1920 suke nema. Shi ya sa monita mai faɗi sosai, irin dogayen nan, ba ta ƙara maka komai a Pedigree mai tafiya daga hagu zuwa dama, gara ka juya monitar a tsaye in ƙafarta tana juyawa, ka je Display orientation ka zaɓi Portrait, sai 1920 ɗin ya koma tsawo. Cire alamar Show images da Show marriage data ma yana rage girman akwatunan in hawa kake so ba ado ba.

Gaskiya dai a wajenmu ba Pedigree ne yake ba da wahala ba. Gidaje da yawa in an hau kaka na huɗu ko na biyar sunayen sun fara ƙarewa musamman ta ɓangaren mata, wanda abin takaici ne ƙwarai kuma dalili ne na a zauna da tsofaffin gida tun suna raye a tambaye su sunan uwar kaka da garin da aka auro ta. Inda aikin yake shi ne gangarowa ƙasa. Dattijo ɗaya, mata huɗu, wataƙila da waɗanda aka rabu da su ko suka rasu, kowane ɗaki da 'ya'yansa, 'ya'ya ashirin ko talatin, kowanne da nasa iyalin, kafin ka kai tattaɓa-kunne an shiga ɗaruruwa. Irin wannan bishiyar faɗi take yi ba tsawo ba, kuma anan ne babbar monita take biyan kuɗinta.

Abu biyu nake ba da shawara. Na farko Descendant Fan, yana nan cikin Charts, zane ne mai da'ira wanda kakan yake tsakiya zuri'arsa suna kewaye da shi zobe-zobe. A Configure ɗinsa akwai zaɓi tsakanin raba wa 'ya'ya fili daidai wa daida da kuma raba shi gwargwadon yawan zuri'ar kowa, ka zaɓi na biyun, Size proportional to number of descendants, in ba haka ba wanda ya rasu yana yaro zai ci fili daidai da wanda ya bar jikoki arba'in, sai sunayen jikokin su matse har su ƙi karantuwa. A nan ma zaka iya canza irin rubutun, ka tabbatar wanda ka zaɓa yana nuna ƙ da ɗ da ɓ da ƴ daidai, wasu rubutun ado akwati suke nunawa a madadinsu.

Na biyu kuma wanda ni na fi so shi ne Graph View. Ba ya zuwa da Gramps kai tsaye, ƙari ne da ake saukewa, daga siga ta 5.2 da ta fito a 2024 akwai Addon Manager da zaka nemo shi a ciki ka danna Install ka sake buɗe manhajar. Da wata manhajar zane mai suna Graphviz yake zana bishiyar, yana nuna kakanni da zuri'a a shafi guda, kowane aure da ɗan ƙullinsa da 'ya'yan suke saukowa daga gare shi, don haka da kallo ɗaya zaka gane su waye 'yan ɗakin uwargida su waye na amarya, su waye 'yan uba. Kuma yana warware matsalar auren zumunci. A Pedigree in mahaifinka da mahaifiyarka 'ya'yan wa da ƙani ne, kakan da suka haɗa zai fito sau biyu da duk na samansa, fili yana tafiya a maimaici, amma a Graph View sau ɗaya mutum yake fitowa layukan ne suke komawa gare shi. A saman shafin akwai maɓallan zum da wanda yake daidaita zanen da girman sikirin, da wajen da zaka faɗi hawa nawa na kakanni da hawa nawa na zuri'a kake so. Ka fara da hawa uku na zuri'a, ka danna na daidaitawar, in sunayen suna karantuwa daga inda kake zaune ka ƙara ɗaya, in sun zama ɗigo ka rage, ka mayar da ɗan gidan da kake son gani ya zama shi ne tsakiya ka bi reshensa shi kaɗai. Babu monitar da zata nuna mutum ɗari biyar a karanta su lokaci guda, reshe-reshe ake bi.

Sunaye da hotuna

Da zarar mutum sittin sun bayyana a gabanka zaka ga wata sabuwar matsala, Muhammadu goma, Aisha bakwai, Abubakar ko'ina, tunda muna mayar da sunan iyaye da kakanni. Gramps tana da gurbin Nick a shafin kowane mutum, ka cika shi da lakabin da aka san shi da shi a gida, Baffa, Ɗanlami, Ladidi, Abba, Ummi, sannan a Edit, Preferences, wajen Name format ka ƙirƙiri naka tsarin da zai nuna suna da lakabi da sunan uba. Tunda yanzu kana da fili akwatin zai ɗauka. Alhaji da Malam da Hajiya kuwa a gurbin Title ake sa su ba a cikin suna ba, kuma ni ina cire su daga zanen don suna faɗaɗa kowane akwati ba tare da sun bambance kowa da kowa ba. In rubutun menu da jerin sunaye ne ya yi maka ƙanana, akwai wani ƙarin mai suna Themes da yake ba ka damar ƙara girmansa.

Hotuna ma babban sikirin yana tona musu asiri, wanda aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, ka roƙi a turo shi a matsayin Document, tsofaffin na takarda kuma a yi musu sikanin a 300 dpi ko sama. In hoton taro ne na biki ko suna ba sai ka yanka shi ba, ka saka shi a Gallery na mutumin ka ja akwati a kan fuskarsa, ita kaɗai zata fito a bishiyar.

Masu amfani da FamilySearch ko wani shafin intanet su nasu a burauza ne, F11 sannan Ctrl da alamar ragewa har bishiyar ta shiga, Ctrl da 0 ya mayar da ita yadda take.

In ranar taron dangi ne za a nuna wa dattawa a talabijin ko majigi, to kar ka dogara da saitin da ka yi na tebur, wanda yake zaune nesa da mita uku ba zai karanta abin da kai kake karantawa a kusa ba, ka ɗaga Scale zuwa 150% ko 200% ka nuna ɗaki ɗaya ɗaya. Wanda kuma yake son a buga masa gaba ɗaya, ka je Reports, Graphs, Family Lines Graph ko Hourglass Graph, ka zaɓi takarda A1 ko A0, ka fitar da shi PDF ko SVG ba JPEG ba don su ko an girmama su rubutun baya fashewa, sai ka kai wa masu buga bana, wato manyan fastocin talla. Kafin ka fitar ka duba zaɓin da ya shafi rayayyu a cikin rahoton ka ɓoye ranakun haihuwarsu, tunda takardar hannu da yawa zata shiga.