Yadda na rabu da ƙaiƙayin da maganin basir ya jawo mini

Man shafawa na basir nake amfani da shi, irin mai sa wurin ya yi sanyi ya daina zafi. Da farko ya yi aiki. Daga baya fatar wurin ta yi ja, ƙananan ƙuraje masu ruwa suka fito, ƙaiƙayi ya hana ni barci, kuma duk shafawa sai abin ya ƙaru.

Likitar fata ta ce in kawo kwalin. A jerin sinadaran akwai benzokain, maganin kashe zafi da ake sa wa cikin man basir da na ciwon haƙori da na ƙuna. Jikin wasu ba ya karɓarsa, kuma alamar ba ta fitowa nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa mutum ba ya zargin man.

Don a gwada, aka manna mini ƙananan sinadarai a fatar bayana na awa 48, aka duba, aka sake dubawa bayan kwana biyu. Wurin benzokain ya tashi jawur.

Na daina man, ta ba ni wani na rage kumburi na ɗan lokaci, fata ta warke. Ta kuma gargaɗe ni da baƙin lalle da rinin gashi, domin sinadarin PPD da ke cikinsu dangin benzokain ne, yana iya tayar da abin. Lidokain, wani maganin kashe zafi, dangi daban ne, gwajina bai nuna komai a kansa ba. Yanzu ko likitan haƙori zan je, sai na faɗa masa tun kafin ya taɓa ni.