Kurakuran masu koyon mota a Maradi, da yadda nake gyara su

Na gaji da ganin abu ɗaya kullum. Yaro ya daɗe yana tuƙa babur tsakanin unguwannin Zariya da Bagalam, ko ya ɗan ja motar maigidansa a tasha, sai ya shigo oto-ekol, makarantar koyon mota, yana ganin permi, takardar izinin tuƙi, kawai ya zo karɓa. Irinsu sun fi wuyar koyarwa a kan wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba, don sai an fara kankare musu tsohuwar ɗabi'a.

Babban laifinsu ƙafar hagu. Su canja bitas (giya), su bar ƙafar a kwance bisa ambirayaj, abin da ake takawa don canja bitas, wai suna cikin shiri. Ɗan nauyin nan ya isa ya hana farantin ambirayaj kamawa sosai, sai ya riƙa zamewa yana zafi yana cinyewa. Wani ƙanena da na ba aron mota ya yi mini haka, ya dawo da ita tana ƙauri, injin na kuka amma ba ta ja. Sai da makaniki ya sauke akwatin bitas kacokan kafin ya kai ga farantin, motar abincina ta kwanta a gareji, kuɗin kuma daga aljihuna. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Tun daga nan dokata ɗaya ce: ka canja, ka ɗauke ƙafar, ka ajiye ta ƙasa. In tsayuwa za ta yi tsawo, cire bitas, ja birkin hannu. Mai koyo kuwa ba na barinsa ya hau gudurun sai ya iya tayar da mota cikin yashi a hankali ba ta mutu ba, ba kuma tare da ya yi ta zuga mai ba.

Na biyu ya fi wannan haɗari: raina kod, wato dokokin hanya. Wasu haddace amsoshi suke, tunda tambayoyin da Faransanci ne, ranar jarrabawa a ɗan juya hoto su ruɗe. Haba ɗan'uwa! Nemi wanda zai bayyana maka da Hausa har ka gane dalili. Siffar allo ma magana ce: mai kusurwa uku da jan baki gargaɗin haɗari, zagayayye mai jan baki hani, zagayayye shuɗi umarni. A mahaɗar da ba allo, ba wuta, ba ɗan sanda, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, ko da amalanken jaki ne kai kuma kana cikin sabuwar mota. A shataletale dubi bakin shiga: in akwai allo mai kusurwa uku da kansa ke kallon ƙasa, na ciki za ka jira. STOP kuwa tsayawa ce cak, tayoyi su daina juyawa, ko hanya fayau take. Yawancin waɗanda na ga sun faɗi a tuƙi nan suka faɗi, sun rage gudu sun leƙa sun wuce. Kuma kada wanda ya ce mini "ai haka kowa ke yi a gari". Kowan nan su ne ake kwasa zuwa asibiti.

Madubi kaɗai bai isa ba a garin da ɗan kabu-kabu da mai adaidaita ke kutso kai ta dama da hagu. Kafin ka karya kwana, dubi madubi, kunna kilinyota (sigina) da wuri, sannan ka waiga da kanka; haka ma kafin ka buɗe ƙofa, dubi madubi ka waiga. Ni nakan kai mai koyo gefen babbar kasuwa, in sa ya riƙa faɗa mini da baki duk babur ɗin da ya hango. Da ya rasa ɗaya, mu koma baya.

Gudu: kilomita 50 a awa, iyakar cikin gari, kusan mita 14 ne a daƙiƙa guda. Ka tuna da wannan lokacin tashin 'yan lakwal. A hanyar Ɗan Isa ko ta Gidan Rumji kuma, layin da bai yanke ba ba a ƙetare shi don wuce babbar mota, kome jinkirinta.

Sauran ƙanana ne. Kallon sandar bitas lokacin canjawa: daina. Silifa: sa takalmi mai riƙe dunduniya. Kujera, madubi, bel, duk kafin makulli, mai jarrabawa na lura da wannan tun ba ka motsa ba. Kirno kuwa, wato ajiye mota da baya tsakanin motoci biyu a gefen hanya, a hankali ake yinsa, ka koya da galan biyu a fili har ya zauna maka.

Wanda ya ce maka ka kawo kuɗi a fito maka da permi ba tare da ka zauna jarrabawa ba, ka guje shi. Takardar ba za ta taka maka birki ba ranar da yaro ya faɗo hanya. Kuɗin nan ka ƙara awannin koyo da su, kuma in mota ta mutu maka gaban mai jarrabawa, ja birkin hannu, cire bitas, sake tayarwa, ka dubi madubi kafin ka ɗaga.